Kunnen Da Ya Rage

"Farabol! Matsa daga bakin ƙofa, ka tare mana iska!"

Badaru bai juyo ba. Mutum ɗaya ce a duk Duwala take kiransa da sunan ƙaton farantin nan da masu hali ke kafawa a kan rufi don kamo talabijin ɗin Faransa. Fauziya ce, 'yar gwaggonsa, ta fito daga ɗakin kakarsu Iyatu a unguwar Kassalafam.

"Ko ina wuni babu?" ya ce.

"Ai tun ina New Bell na gaishe ka. Da waɗannan kunnuwan me zai wuce ka?"

"Fauziya, na girme ki fa..."

"Kunnuwanka dai sun girme ni!"

Taubasai ne, ɗan namiji da 'yar mace, kuma al'ada ta ba su izinin cin fuskar juna ba mai shiga tsakani. Kunnuwan kuwa gado ne. Kakansu da fataucin goro ya kawo daga Kano bai bar wa zuriyarsa gida ba, bai bar gona ba. Kunnuwa ya bar wa mazan gidan, fankama-fankama, a buɗe kamar ƙofofin tasi da aka manta ba a rufe ba.

Badaru na neman amsar da za ta ƙona ta, sai ga Muhammad Bashir ya yi sallama. Ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne, cikin 'yan tsirarun da albashi bai manta da su ba, kuma ya jima yana zarya wajen Fauziya. Kunnuwansa ƙanana, lafe da kai kamar an yi musu guga.

Nan take Fauziya ta gyara mayafi, ta russuna.

"Sannu da zuwa, Muhammad Bashir. Ya aiki? Ya su Hajiya?"

Muryar tamkar an tsoma ta a zuma.

Shi dai Badaru tattalin arziki ya karanta a jami'ar Yawunde, ya gama daidai lokacin da arzikin ƙasar ya yi ɓatan dabo. Ofishin da ya ɗauke shi ya sallame shi cikin ladabi. Don haka yana da lokacin yin tunani, wanda shi ne abu mafi haɗari ga saurayi mai ilimi. Ya yi nazari, ya kai ga sakamako: wanda ake so ake russuna wa, wanda aka raina ake yi wa dariya. Ga shi kuma mahaifin Fauziya ya ce bayan babbar Sallah ta faɗi wanda take so.

Yana sonta tun ba ta iya ɗaura kallabi ba. Bai taɓa faɗa mata ba, don duk sanda ya buɗe baki sai ta riga shi da maganar kunne.

A shekarar ne aka kashe gari da yajin gama-gari. Daga Litinin zuwa Juma'a shaguna a rufe, tayoyi na cin wuta a mararraba, Asabar kaɗai Duwala ke farfaɗowa ta sayi shinkafa. A irin wannan Asabar ce Badaru ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet ya nufi unguwar Akwa, wajen wani likita da ya karanto gyaran hanci da kunne a Turai.

Ba layi. Wanda cikinsa ke kuka ba ya tuna fasalin hancinsa. Likitan ya tarbe shi kamar ɗan'uwan da ya ɓace.

"Aiki ne mai sauƙi, mon ami. In tsaga bayan kunnen, in lanƙwasa guringuntsin, in ɗinke shi ya kwanta. Yara muka fi yi wa, kafin 'yan makaranta su fara yi musu waƙa."

"Ni an riga an yi mini waƙar, dokta. Har da amshi."

"To ka makara, amma ba ka mutu ba."

Da aka zo maganar biya, Badaru ya dubi ƙasa, likita ya dubi taga. Mobilet ɗin na jingine a waje. Suka fahimci juna ba tare da wani dogon turanci ba.

Aka yi allurar kashe zafi. Kunnen dama ya kwanta lafiya lau. Likita na ɗaukar wuƙa don na hagu, wuta ta ɗauke. Janareto kuwa ba mai, don gidajen mai ma suna cikin yajin. A bakin taga aka ƙarasa ɗinkin, aka naɗe masa kai da bandeji.

"Ka dawo Asabar mai zuwa mu gama."

Ya dawo. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai gadi ya ce dokta ya tafi ɗan hutu Faransa, da matarsa, da 'ya'yansa, da firij.

Badaru ya tako da ƙafa har New Bell cikin ruwan sama, kunne ɗaya Bature, ɗaya Bakano, duka a ɓoye cikin ƙyalle.

Mutanen unguwa ba su tambaye shi komai ba. A shekarar nan, saurayi da naɗaɗɗen kai bayaninsa ɗaya ne: dukan soja. Shi kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mai tsire ya dinga ƙara masa tsinke. Dattawan da a da ba sa amsa gaisuwarsa suka fara matsa masa wuri a tabarma. Raunin ya warke tuni, amma bandejin ya zauna daram, don cire shi na nufin bayani.

Fauziya ta zo duba shi, idonta jawur. Ta russuna har ƙasa.

"Sannu... Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Ba ki da abin cewa yau?"

"Me zan ce? Allah ya saka maka."

Ta ajiye kwanon farfesu ta fita tana share ido. Ga ladabin da ya sayar da abin hawansa don ya samu. Ya zauna yana juya shi a zuciya, ya ji shi salam kamar miya ba gishiri. Sai ya tsinci kansa yana kewar zagi.

Ana saura kaɗan Sallah Iyatu ta aika a kira shi. Idonta ya daɗe da tafiya. Da hannu take gane jikokinta maza: ta kamo kai, ta shafa kunnuwa, ta faɗi suna.

"Matso nan, maigidan. Kwance wannan rawanin na ƙarya."

"Iya, likita ya ce..."

"Likita ne ya haifi ubanka? Kwance!"

Ya warware. Ta lalubo na hagu, fuskarta ta yi haske.

"Yauwa. Ga Malam nan."

Ta kai hannu dama. Ta shafa, ta sake shafawa. Yatsunta suka bi ta baya suka tsaya a kan tabon.

"Ina ka kai ɗayan?"

"Yana nan, Iya. Kwanciya ya yi."

"Wane irin soja ne ke dukan mutum, sannan ya zauna ya ɗinke shi tsaf haka?"

Badaru ya faɗi gaskiya, daga mobilet har firij. Bai kai ƙarshe ba ya ji faɗuwar kwano a bakin ƙofa. Fauziya ce tsaye, hannu a ƙugu, hawaye na zuba.

"Kai ka kai kanka?! Ni ina nan ina tsine wa sojoji safe da yamma, bayin Allah ba su san hawa ba ba su san sauka ba!"

"Fauziya, saurara..."

"Har azumi na yi maka! Azumi!"

"Saboda ke na yi!"

"Ni? Ni na aike ka?"

"Kullum dariya kike mini! Shi kuwa Bashir da ya zo, har ƙasa kike kaiwa. Na ce ko in na zama kamar sauran mutane... ko za ki dube ni sau ɗaya ba ki yi dariya ba."

Fauziya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Iyatu ta yi tsaki mai tsawo.

"Wannan bokon dai an cuce mu. Kai Badaru, yaushe rabon da ka ji sunanka a bakin yarinyar nan?"

Ya lalubi ƙwaƙwalwarsa. Tun tana 'yar firamare. Tun kafin ta fara jin kunyar gaishe da mahaifiyarsa.

"Iya, don Allah..." in ji Fauziya daga cikin mayafi.

"Rufe mini baki. Ni har kakanku ya koma ga Allah ban taɓa kama sunansa ba. A gaban mutane Malam. In mu biyu ne, Mafici nake ce masa, in ce ya kaɗa mini kai zafi ya dame ni. Mace ba ta faɗin sunan wanda ta ajiye a zuciya, sai ta nemo masa wani. Shi wancan yaron na tashar jirgi kuwa, ba ka ji yadda take rattaba sunansa ba, kamar malamin aji?"

Badaru ya dafe kai. Duk nazarin da ya yi, a kife ya riƙe littafin.

Tsohuwar ta sake kamo kunnen hagun, a hankali wannan karon.

"Ido ya tafi, maigidan. Da hannun nan nake ganin kakanku. Ka je ka rage mini rabi."

Nan ne hawaye ya ƙwace masa. Ya kifa kai a gwiwarta.

"Ki yafe mini, Iya."

"Na yafe. Amma wanda ka fi ɓata wa tana bayanka."

Ya juya. Fauziya ta ɗan zame mayafin, ido ɗaya a waje.

"Fauziya... hasken idona. Ban iya magana ba, kin sani. Ina sonki tun ban san sunan abin ba. In kin ce in nemo wani likitan ya gama, zan nemo. In kin ce..."

"Ka kuskura!"

"To me kike so, rabin raina?"

"Wancan ka bayar ba da shawarata ba, ya tafi. Wannan da ya rage nawa ne. Ko sauro ya cije shi sai ka zo ka yi mini bayani."

"Wato... in turo?"

"Iya, kin ji shi ko? Kunne har kunne, amma sai an maimaita masa!"

Iyatu ta yi dariya har da tari.

Bayan Sallah mahaifin Fauziya ya tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce ɗan Kawu. Ya tambaya ko ta san ba shi da aiki, ta ce rabin Duwala ma ba su da shi, kuma ba a daina aure ba. Muhammad Bashir ya karɓi labarin da dattako, ya ma turo buhun shinkafa. Mai tsire ne kaɗai bai huce ba, ya ce a dawo masa da tsinkayensa.

Ranar Asabar aka ɗaura, don ita kaɗai ce ranar da liman da 'yan biki za su iya tsallake mararraba lafiya. Badaru ya samu 'yar koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ndogbong, inda yara suka yi masa sabuwar waƙa tun makon farko.

Bayan biki suka je ɗaukar hoto. Mai hoton ya leƙa na'urarsa, ya ɗago, ya sake leƙawa.

"Ango, ɗan juya gefe mana... mu samu ɓangaren da aka gyara."

Badaru ya fara juyawa. Fauziya ta sa hannu mai lalle ta kamo haɓarsa, ta mayar da shi ɗaya gefen.

"Wannan za ka ɗauka, malam. Shi na aura."

"Amarya, zai tare miki rabin fuska fa!"

"Ya tare," ta ce, ta matso ta jingina kumatunta da shi. "Ɗauka."