Tazara Biyu Bayan Aya

"Zauna mana, Sufeto. Kujerarka ce ta da, har yau ƙafarta ɗaya gajera ce."

"Malam, aiki ya kawo ni."

"Na sani, ai ni na kai ƙara ofishinku. Yi aikin a zaune."

Sufeto ya zauna, kujerar ta karkata da shi kamar yadda take yi shekara goma sha biyar da suka wuce. Ɗakin bai sauya ba: kwamfutoci shida a jere, fanka mai kuka, ƙamshin ƙura da wayar lantarki mai ɗumi. A nan ya fara koyon magana da kwamfuta ta baƙin allo, inda babu hoto babu linzami, sai ɗan haske mai ƙyaftawa yana jiran umarni. A nan aka raɗa masa Mai Gaggawa, don yakan danna kafin ya karanta abin da ya rubuta.

"Me ya ɓata?" ya tambaya, ya buɗe ɗan littafinsa.

"Muryar Antinku."

Sufeto ya ɗago. Anti, matar Malam, shekara biyu ke nan da rasuwa. Ita ce mai leƙowa da ruwan sanyi tana cewa, "Har yanzu kuna rigima da wannan akwatin?"

"Da idona ya fara rauni," in ji Malam, "sai ta riƙa karanta mini darussana tana ɗauka. Fayil sittin da ɗaya. Tana karantawa tana dariya, wai sunayen umarnin kamar atishawa. Jiya da safe na buɗe foldar, wayam. Na ce ba komai, akwai kwafi a filash cikin durowa. Na buɗe durowa, ita ma wayam."

"Babu wani kwafin?"

"Babu. In filash ɗin ya tafi, ta sake mutuwa ke nan."

Sufeto ya duƙa ya duba durowar. Ba a fasa ba, ko ƙwarzane babu.

"Makullin har yanzu bayan kalanda yake?"

"Ina kuma zan kai shi?"

"Su wa suka zo aji ranar Alhamis?"

"Biyu kawai, saboda ruwan sama. Tela da Mama Sakatariya. Na ba su aikin share fayilolin gwaji, na fita sayen maganin ido. Layi ya riƙe ni a kemis. Da na dawo, sun tafi."

Sufeto ya ja kujera zuwa kwamfutar Malam. Yatsunsa suka tuna abin da kansa ya manta. Ya rubuta history, injin ya zazzago duk umarnin da aka ba shi, layi bayan layi.

"Na riga na duba," Malam ya ce cikin gajiya. "Ga shi can ƙasa. Amma injin ba ya faɗin hannun wa."

Sufeto ya karanta layin, umarnin sharewa ne: rm aiki.  *

Darasi ne da ya sha duka a kansa, duka na baki. In ka manna tauraro a jikin suna, fayilolin da suka fara da sunan kawai za a share. In ka raba su da tazara, tauraron ya zama shi kaɗai, ya share duk abin da ke foldar. Kuma ba ya tambaya, ba ya mayarwa.

"A foldar Anti ka bar allon ka fita?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Ina saurarenta kafin su iso."

Sufeto ya ci gaba da karantawa. Bayan layin sharewa, an rubuta ls, umarnin nuna abin da ke folda, sau biyar a jere, kamar mai buɗe akwati yana rufewa ko kayan za su dawo. Sai layi na ƙarshe, wanda ba umarni ba ne a kowane littafi: don Allah a dawo da su.

Ya matso da fuskarsa ga layin sharewar, ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta wani abu a littafinsa.

Sufeto ya tarar da Tela a shagonsa, allura a baki, tef a wuya.

"Ni? Ranka ya daɗe, ban taɓa injin Malam ba. Nawa na uku ne daga taga."

"To wa ya kunna shirin awo a injin Malam ranar Alhamis? Na gan shi a jerin umarnin. Shirin da ke jera faɗin kafaɗa da tsawon hannu?"

Tela ya cire allurar. "To, na taɓa. Nawa tafiyar kunkuru yake. Wata uku ina haɗa shirin nan, layi tara, kullum sai ya zage ni da Turanci. Ranar ya yi aiki, wallahi har na yi rawa. Amma daga nan na tashi, ina da ɗinkin da zan kai."

"Ka bar wa a ɗakin?"

"Mama. Ta ce nata allon ya daskare, za ta koma na Malam."

Sufeto ya miƙa masa wayarsa. "Rubuta mini: Na zo. Na tafi."

Tela ya yi ta laluben haruffa da yatsa ɗaya. Ya miƙo: nazonatafi.

"Allah ya ba da kasuwa," in ji Sufeto.

Mama Sakatariya ta zo ajin da kanta da yamma, jakarta a hammata, tabarau rataye da igiya. Shekara talatin da biyar ta yi tana buga wasiƙu a ofis kafin ta yi ritaya. Malam na zaune a gefe, hannuwansa a gwiwa.

"Ni na fara tafiya, ɗana. Ƙafata ba ta son sanyi."

"Tela ya ce ke ya bari."

"Tela? Wanda ya ɗinka wa jikata riga hannu ɗaya ya fi ɗaya? Shi za ka bi?"

"Kin san inda makullin durowa yake?"

"Ni da durowar mutane?"

"To, Mama, a rubuta bayani. Rubutuna kamar tafiyar kaza ne. Ko za ki buga da kanki?"

Fuskarta ta ɗan saki. Ta zauna, ta miƙe baya, ta jera yatsu goma, ba ta ko kallon madannai. Sautin ya cika ɗakin kamar yayyafi a kan kwano. Sufeto na tsaye a bayanta yana kallon babban yatsanta. Duk inda ta sa aya, sai ya sauka sau biyu. Tak, tak.

"Ya isa, Mama. Wa ya koya miki tazara biyu bayan aya?"

"Haka ake yi a tafireta. In ka sa ɗaya, shugabar ɗakin bugu ta yaga takardar a gabanka."

Sufeto ya juyo da allon Malam gare ta, ya ɗora ƙarshen biro a layin sharewar.

"Malam ya ga tazara a nan, idonsa bai ƙirga ba. Biyu ce. Kin so ki share fayilolin gwajinki, aiki ɗigo tauraro. Amma hannunki ya ga ɗigo ya ɗauka aya ce."

Yatsunta suka sauka daga madannai zuwa cinyarta.

"Na roƙi injin ya dawo da su," ta ce a hankali. "Ya ce bai gane ba."

"Filash ɗin fa?"

"Marigayiya ce ta nuna mini makullin tun da daɗewa. Na ce in ɗauka, jikata ta nuna mini yadda ake kwafa, in mayar kafin Malam ya lura." Ta juya ga Malam, idanunta sun kawo ruwa. "Ka san tebur ɗaya muka zauna da ita a ofis shekara ashirin. Da na kai gida na sa, sai na ji ta. Tana karanta darasi na huɗu, ta yi tuntuɓe, ta ce, 'Kai, wannan ko Sakatariya ba za ta iya bugawa ba.' Ta ambace ni, Malam. Shekara biyu ban ji wannan bakin ya kira ni ba. Na ce gobe zan mayar. Goben ta zo, na kasa."

Ta buɗe jaka, ta kwance bakin hankici, ta ajiye filash ɗin a tebur.

Malam bai ɗauka ba. Sufeto ne ya soka shi a injin, ya rubuta ls, ya karanta sau biyu kafin ya danna. Sunaye suka gangaro. Ya ƙirga da biro.

"Sittin da ɗaya, Malam."

Tsohon ya cire tabarau ya rufe ido da tafin hannu. Kafaɗunsa suka yi ta rawa.

"Kwana biyu ban ci abinci ba," ya ce daga bayan hannun. "Kin gan ni jiya a bakin titi, kika gaishe ni."

"Na gaishe ka muryarta na cikin jakata. Ban san yadda zan fara ba."

Sufeto ya rufe littafinsa. Ya so a ce wani ne aka turo.

"Mama, an buɗe fayil a ofis, kuma kin yi wa ɗan sanda ƙarya. Dole mu je a rubuta na gaskiya."

Ta miƙe ba gardama, ta gyara mayafi. Ya riƙe mata jaka, ya buɗe ƙofa. Sun kai matakala ta biyu sai suka ji takun Malam a bayansu, yana laluben makullin aji.

"Ku jira ni, Mai Gaggawa. Ni na buɗe ƙarar, ni zan je in rufe ta." Ya dubi matar. "Ke kuma ran Litinin ƙarfe huɗu ina jiranki. Darasin kwafa za mu yi. Ke za ki buga umarnin da hannunki, kwafi biyu: ɗaya nawa, ɗaya naki."