Mitar da Ta Ce Babu Wuta

Da hantsi aka dawo da jakar Wushirya sito, shi kuwa aka wuce da shi asibiti. Ya hau turke ne gyaran layin tarho da intanet. Can gaba wayar lantarki ta sauko ta kwanta a kan layin, bai sani ba. Ya auna, mita ta ce babu wuta, ya kama da hannu. Bel ɗin da ya ɗaura ne ya hana shi faɗowa, amma tafin hannunsa ya ƙone.

Baba Mai Sito ya zazzage jakar a kan tebur. Ya ɗauki mitar da wayoyinta biyu, ja da baƙa, ya ɗora tsinkayensu a kan batirin gwaji da ke kafe a bakin ƙofa. Sifili. Ya sauya jar wayar da wata, nan take mita ta nuna wuta.

Ya murza jar wayar da yatsu. Roba lafiya lau, ƙarfen ciki a karye, wuyanta da ɗan danƙo. Ya leƙa kwalin da yake jefa matattun kaya. Wayar da ya naɗa wa jan salatif makon jiya, alamar ta mutu, ba ta nan. A wurinta akwai ɗan farin ƙyalle da jan danƙo a jiki. Ya sa shi aljihu.

Manaja ya shigo.

"Doka a fili take, Baba. Wanda ya hau turke da wayar mita da aka riga aka jefar, ya bar aiki. Takardar sallamarsa tana kan teburina."

"Ta jira la'asar, yallaɓai. Wayar nan ba tasa ba ce."

"Duk ba iri ɗaya ba ne?"

"A idonka."

Shekara talatin Baba yana hawa turke kafin gwiwa ta sauke shi. Bokonsa bai yi nisa ba, amma ba a taɓa ƙure shi a kan waya ba. Bakinsa ne babu daɗi. Wanda ya ɓatar da kayan aiki, a gaban kowa yake wanke shi tas.

A sito jakunkuna suke kwana, kuma mutum uku ne suka shiga da safe kafin Wushirya. Ya fara da Dogo, abokin aikin Wushirya kuma mijin yayarsa.

"Kai ka kawo min karyayyar wayar nan makon jiya."

"Ni ne. Ƙofar mota ta datse ta. A gabana ka naɗa mata ja."

"An ce jiya kun yi cacar baki da ƙanin matarka."

"Wace rana ce ba ma yi? Baba, mita ɗaya muke aiki da ita, turke ɗaya shi, ɗaya ni. Na gaba nawa ne. Zan haƙa wa kaina rami? Kuma in ya mutu, wa zai shiga gida ya gaya wa yayarsa? Ni dai ba ni ba."

Baba ya sallame shi, ya kira Direba.

"Da safe ka taɓa jakunkuna?"

"Na kwashe su zuwa mota, kamar kullum."

Baba ya miƙa masa mita. "Cire min jar wayar."

Direba ya kama tsakiyar waya zai fizga.

"Sake ta! Je ka. Wanda ya yi aikin nan ya san waya."

Saura Injiniya, mai haɗa wayar gilashi ta intanet, wanda bai cika shekara da zuwa ba. Mutum ne mai tsabta, ba ya son a ga kuskurensa.

"Jiya ina ka yi aiki?"

"A akwatin layi na bayan makaranta."

"Kayanka sun dawo cif?"

"Cif, Baba."

"Madalla."

Bai ƙara tambayarsa komai ba.

Da la'asar Wushirya ya dawo, hannu a naɗe da bandeji, fuska a sanyaye. Shekara sha tara yana aikin nan, da 'ya'ya biyar a gida, kuma ya riga ya ji labarin takardar. Baba ya tara kowa a sito, har da Manaja.

"Kowa ya ɗora mitarsa a tebur."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta Injiniya ya tsaya. An naɗe mariƙin jan tsinken da sabon baƙin salatif.

"Wannan fa?"

"Santsi yake min a hannu."

Baba ya sa farce ya warware salatif ɗin a hankali. Roba ta bayyana, duk shaidar haƙori, rami biyu-biyu, da fili a tsakaninsu.

"Wushirya, buɗe bakinka."

Ya buɗe. Baba ya kara mariƙin a haƙoransa na gaba. Suka zauna daram, filin ya faɗa daidai kan wushiryar. Dogo ya tuntsire da dariya.

"Wallahi yayarka ta ce tun kana yaro har cokali kake ci!"

Baba bai yi dariya ba. Ya juya ga Manaja.

"Shekara sha tara ina hana shi riƙe tsinke da baki in yana hawa tsani, bai ji ba. Duk wayar da ta kwana biyu a hannunsa sai ta yi tabo. Ta cikin jakarsa sumul take, shi ya sa na ce ba tasa ba ce." Ya fito da farin ƙyallen. "Da wannan aka goge danƙon jan salatif. Ƙyallen goge bakin wayar gilashi ne, kuma mutum ɗaya nake ba irinsa. Wanda ya naɗe tsinke da baƙi, tabo yake ɓoyewa."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Na manta tawa a kan akwatin layi. Da na koma an ɗauke, sai na cire ta Wushirya na sa masa matacciyar. Na ɗauka Wushirya zai gwada a batirin ƙofa, ya ga ta mutu, ka ba shi sabuwa. Ban yi nufin cutar da shi ba."

"Me ya hana ka zo ka tambaye ni?"

"Bakinka, Baba. Na ga yadda ka yi wa Dogo a gaban mutane."

Baba ya daɗe yana kallon tebur.

Manaja ya ce Injiniya ya biyo shi ofis. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Wushirya, takardarka ta shiga kwandon shara. Ka je ka yi jinya."

Wushirya ya fara godiya, Baba ya katse shi.

"Da safe ka ɗora mitarka a batirin nan?"

"Sauri nake, Baba."

"Safar hannu fa?"

"Tana jaka."

"Ta ji daɗin jaka. Ka gwada mita a inda ka san da wuta, ka auna layi, ka sake gwada ta. Kafin nan sifili ba ta nufin komai. Yau haƙoranka sun cece ka, gobe ba su da abin faɗa." Ya miƙa masa jar wayarsa. "Ungo. Ba abinci ba ce."

Washegari ma'aikata suka tarar da sabuwar ƙusa a gefen batirin gwaji, da sababbin wayoyi shida a rataye, ja da baƙa. Dogo ya tsaya yana kallo.

"Baba, waɗannan fa? Sai an tambaye ka?"

Baba bai ɗago kai ba.

"Wanda tasa ta ɓata ya ɗauka. Ban gan shi ba."