Manyeton Inna Sahura

Kwalin ya taho da sauƙi, alhali kullum sai da hannu biyu ake jawo shi daga ƙarƙashin gadon Inna.

Amira ta yaye tsohon zanen da ke kai.

Wayam!

"Yaya Huzaifa! Yaya!"

Wanta ya leƙo ɗakin yana goge hannu da tsumman babur.

"Ke lahiya? Kin cika gida da kuwwa."

"Ina manyeton da ke cikin kwalin ga, injin kallon kaset?"

"Wannan tsohon ƙarhen? Na ba Rashid."

Ta zauna a bakin gado.

"Yaushe?"

"Ran Lahadi. Ba ke kinka kai mishi akwatin wasan tele na Baba ya gyara ba? Ya ce telen zamani ba ta gane shi sai an bi ta cikin manyeto. Ya zagaye Dogon Dutsi bai samu mai rai ba. Na ce ga wani can yana ruɓa gida." Ya yi dariya. "Mijin da za ki aura na fa. Mi na na abin zare ido?"

Ta jawo wayarta ta duba.

Yau Alhamis. Tun ranar Lahadin Rashid bai kira ta ba. Mutumin da ko ruwa ya sha sai ya turo mata saƙo.

Huzaifa bai san akwai kaset maƙale a cikin injin ba. Amira kaɗai Inna Sahura ta gaya wa, shekarar da Baba ya rasu. Kaset ne na ranar da aka gama wa Inna girkar bori a Dogon Kiriya, tana budurwa, cikin baƙin zane, ana goge, Doguwa ta hau kanta tana juyi a tsakiyar fili. Inna ta bar bori tun kafin aurenta. Yau ba ta fashin karatun matan unguwa, hijabinta har ƙasa.

Shi kuwa mahaifin Rashid, Alhaji Inusa, shi ya gina wa ƴan Sunna masallacin bakin kasuwa. Sau biyu yana hana maganar auren nan, yana cewa bai gamsu da asalin gidan ba. Da ƙyar ya sauko. Jibi Asabar ne mutanensa za su zo sa rana.

Amira ta figi hijabi.

Shagon Rashid na bayan tasha, cike da matattun rediyo da teloli masu buɗaɗɗen baya. Ta same shi a sunkuye kan teburi. Ya ɗago, ya gan ta, ya mayar da kai.

Ko murmushi babu.

"Amira. Zamna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

A gabansa wasan Baba ne, ɗan akwatin nan mai launin toka da Baba ya sayo a Kwatano tun ba a haife ta ba. Da shi suke zama su biyu bayan la'asar, yana barinta ta ci shi da gangan. A kan tele ga ɗan mutum nan yana tsalle yana tsallake ramuka, ƙaramin kiɗan na tashi. Shekara tara rabonta da jin kiɗan nan.

A wata rana da ta yi kukan daɗi.

"Ya yi," in ji Rashid, muryarsa a bushe. "Shi wasan waya guda gare shi, ta anten, wato eriya. Telen ga kuwa ba ta da ramin anten, sai na rawaya da hwari da ja. To na sa wayar wasan bayan manyeto, awa anten ce. Na nemi tasharshi cikin manyeton har na kama. Daga nan waya rawaya ta ɗauki hoto, hwara ta ɗauki murya, sunka shiga tele. Voilà. Ba sai an aiko wani akwati daga Yamai ba."

"Na gode. Kaset ɗin fa?"

Hannunsa ya tsaya.

Manyeton na gefe, an cire masa murfi. Wurin kaset fanko ne.

"Robar ciki ta tsinke, shi ya sa ya maƙale," ya ce. "Na canza ta."

"Ba robar na tambaye ka ba. Ka kalla?"

Ya kawar da kai.

"Rashid, dube ni! Ka kalla?"

"Neman tasha nike. Babu telekomand, rimot ɗin nan, sai maɓallan jiki. Na danna wanda ba shi ba..."

"Innalillahi..."

"Ki ba ni kwana biyu, ma chérie."

"Kwana biyu na mi? Na shirya yadda za ka hwaɗa mini an hwasa?"

Wayarsa ta yi ƙara a kan teburi. Kafin ya kife ta Amira ta riga ta karanta sunan.

Hindatu.

Ɗiyar gwaggonsa. Wadda tun suna makarantar lakwal take gaya wa ƙawaye cewa Rashid nata ne, an ba ta shi tun a zanen goyo.

"Ɗauka mana," Amira ta ce a hankali.

"Ba yanzu ba."

"Saboda ina nan?"

"Amira, akwai abin da ba ni iya hwaɗi."

"Ni ma akwai abin da ba ni iya tsayawa in gani."

Ta juya. Bai biyo ta ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Mai shayin da ke jikin shagon ya gaishe ta, ya ƙara da abin da ba ta tambaya ba: "Yau kin yi sa'a kin iske shi. Kwana ukun ga kullum yana gidan gwaggonshi."

Ba ta kai gida ba saƙo ya shigo. Lambar Hindatu ce. Bidiyo, daƙiƙa ashirin, an ɗauko shi da waya daga fuskar tele. Hoton na rawa, amma fuskar Inna a fili take. Gashi a kwance, idanu a juye. Goge na kuka, wani namiji da ba a gani yana zuba wa Doguwa kirari da ƙarfi.

A ƙasa ta rubuta: *Ina shagon lokacin da ya taso. Ki janye da kanki kahin Asabar, ko duk matan karatu su gani. Ina gaida Inna.*

Amira ta jingina da bangon wani gida.

Tana shagon. Me take yi a shagon? Shi ya kira ta ta gani? Ko tare suka zauna suna dariya? Kwana uku yana zarya gidansu, ita kuwa ko gaisuwa.

Duk abin da ta tuna sai ya canza mata fuska. Har turaren da ya ba ta da salla, ta tuna Hindatu ma irinsa take sawa.

Ta shiga gida ta wuce ɗaki. Inna Sahura na tsintar wake a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba.

"Dawo nan."

"Kaina ke ciwo, Inna."

"Kwalina na gani tsakar ɗaki. Wancan ya hwaɗa mini wanda ya ba." Ba ta kiran sunan Huzaifa, ɗan fari ne. "Miƙo wayar."

"Inna, don Allah..."

"Miƙo."

Ta kalla har ƙarshe. Ta sake kalla, wannan karon ta kara wayar a kunne. Amira na jiran kuka, ko salati.

Inna ta yi wani ɗan guntun murmushi.

"Ashe ina da wuya a da," ta ce. "Dubi wuya awa na barewa."

"Inna! Za ta watsa shi! Ni na haƙura da auren, wallahi na haƙura. Ba ni bari a yi miki dariya cikin garin ga saboda namijin da ya riga ya sayar da mu."

"Wa ya ce miki ya sayar?"

"To mi yake yi gidansu?"

"Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba." Ta ture faifan waken. "Gobe da sahe ki rakka ni."

"Ina?"

"Wurin surukina."

Amira ta dafe ƙirji. Uwar yarinya ta taka da ƙafarta zuwa wurin uban yaro, kafin a sa rana? Ba a taɓa yi ba.

Washegari da hantsi suka biya ta bayan tasha. Rashid na ganin Inna ya durƙusa har ƙasa. Idanunsa sun faɗa kamar wanda ya yi jinya.

"Tashi, ɗana. Ba ni kayana."

Ya buɗe akwatin ƙarfen da yake kulle wayoyin mutane, ya fito da kaset ɗin a naɗe cikin sabon ƙyalle. Ya miƙa da hannu biyu.

"Inna, kada ki tahi. Na roƙe ki. Ni zan gyara."

"Kwana biyar kana gyara. Rufe shagon ka biyo mu."

Alhaji Inusa na zaune a ƙofar babban shagonsa na buhunan wake, carbi a hannu. Ya hango su, carbin ya tsaya. Ya sallami mutanen da ke wurin, ya shige ciki. Suka bi shi.

Bayan gaisuwa Inna ta kwance ƙyallen, ta ajiye kaset ɗin a kan buhu, takardar jikinsa na kallon sama.

"Alhaji, idona ya yi rauni. Karanta mini rubutun ga."

Bai taɓa shi ba.

"Hajiya, wannan wane irin..."

"Ban je Makka ba tukuna. Sahura nike. Ɗiyar Dogon Kiriya. Ka san ni, na san ka, tun kana Inusa mai kamara, kana bin ƙauyuka da kekenka, ana biki kana ɗauka."

Amira ta waiga ta dubi Rashid. Kansa na ƙasa.

"Ɗiyar ƙanwarka ta ɗauki guntu cikin waya," Inna ta ci gaba. "Ta ce za ta nuna ma matan karatu. To, ta je ta nuna. Ni na hau bori, na tuba, Allah ya gani. Hotona na. Amma muryar da ke yi ma Doguwa kirari bayan kamara, ba tawa ba ce. Yarinya ce, ba ta gane ta ba. Tsohhin garin ga za su gane tun kalma ta hwari."



Alhaji ya dubi ɗansa.

"Kai ka ji?"

"Na ji, Baba." Rashid ya ɗago kai. "Na ga rubutunka kuma."

"Shi ya sa ka daina cin tuwo tare da ni."



Alhaji ya cire hula ya shafa kai. Nan take ya koma tsoho.

"Shekara talatin ina kauce ma hanyar gidanku, Sahura. Da yaron ga ya ambaci ɗiyarki, na ce asalin gidan bai yi mini ba." Ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Nawa asalin nike gudu."

"Na sani. Shi ya sa ban yi hushi ba."

"A ƙone shi. Yanzu. In sa a kawo ashana."

"A'a."

"Sahura!"

"Uwata na ciki, Alhaji. Ita ce mai riƙe da ni in na hwaɗi. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba sai ranar nan, kuma kai ka ɗauke ta. Duk duniya nan kaɗai huskarta ta rage. Ba ni ƙone uwata don ka samu barci."

Ta naɗe kaset ɗin ta sa cikin hijabi.

Alhaji ya jawo wayarsa ya kira ƙanwarsa. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce ta zo da Hindatu da wayarta, yanzu, kafin a tafi masallaci.

Ya ajiye wayar.

"Gobe ni da kaina zan zo," ya ce. "Ba aike ba."

A waje rana ta take. Inna ta yi gaba da gangan, ta bar su a baya.

Amira ta kasa duban Rashid.

"Mi kake yi gidan su Hindatu kwana uku?"

"Roƙo. Wayarta ta kawo caji ranar, abin ya taso gabanta. Na ce ta goge, ta ce sai na hwasa aurenki. In na hwaɗa mata muryar wa ce, na ba ta wuyan Baba. In na hwaɗa miki, na tona ubana da bakina."

"Sai ka bar ni ina cin kaina."

"Na yi kuskure."

"Na zaci tare kunka yi dariya. Har turarena na zubar cikin masai, Rashid."

Ya tsaya cak.

"Wanda na kawo miki daga Kamba?"

"Shi."

"Duka kwalbar?"

"Har murhin."

Ya so ya ɓata rai, dariya ta ƙwace masa. Ita kuma sai hawaye.

"Ba ki yarda da ni ba, Amirata."

"Kai ma ba ka yarda zan iya ɗauka ba."

Ya gyaɗa kai. Bai kare kansa ba.

An ɗaura auren bayan an gama girbin gero. Hindatu ba ta zo ba, aka ce tana Dumega wurin dangin ubanta. Ko ta goge bidiyon duka, ko akwai wani a ɓoye, babu wanda ya sani. Amira ta daɗe gabanta na faɗuwa duk lokacin da ta ga mata biyu sun haɗa kai a kan waya.

Ranar da za a kai ta ɗakinta, tana kuka a jikin Inna, ta raɗa mata:

"In ya hito wata rana fa?"

Inna ta gyara mata lulluɓi.

"Sai su kalla. Ke dai tahi ɗakinki. In mijinki ya yi shiru, ki tambaye shi sau biyu kahin ki yanke mishi hukunci."

Ta kama hannunta ta miƙa wa masu ɗaukar amarya.