Gidan Zanzaro

"Abba... injin ya mutu!"

Mu biyu ne a ɗan jirgin samanmu, ni a kan tuƙi, kafaɗata na gugar tasa. A ƙasa babu komai sai duwatsu.

Ma'aunin mai ya nuna tanki cike. Na juya mai zuwa ɗaya tankin, injin ya yi tari, ya sake shaƙewa.

Yatsana na kan maɓallin rediyo, amma na kasa dannawa. Na san wanda ke aiki a hasumiyar filin jirgin sama yau. Shi ne wanda nake so, wanda abokin Yaya ya raɗa wa Abba wai jirginmu yake hari, ba ni ba. Tun ranar Abba ya garƙame jirgin a rumfa wata da watanni, ya ce in na sake yi masa magana bai yafe ba. Yau ma don ruwa ya cinye hanyar gona ne ya buɗe.

"Me kike jira?" Abba ya daka min tsawa.

"Shi ne a hasumiya, Abba. Ka ce ba ka yafe ba..."

"Ke! Kira shi!"

Na danna, hawaye na zuba.

"Ina jin ki, Tsuntsuwata." Muryarsa ko rawa ba ta yi. "Ƙyale injin. Sunkuyar da hancin jirgin kaɗan. Akwai tsohon titi a damanki, kin gani?"

"Tsoro nake ji!"

"Ni ma. Amma ba ki taɓa sauka a karkace ba, kar ki fara yau."

Tayoyi suka daki ƙasa, muka yi tsalle, muka tsaya cikin ƙura.

Na fito na leƙa ƙarƙashin fiffike. Ɗan bututun da tanki ke shan iska ya toshe da busasshiyar laka, can ciki inda idona bai kai ba da na duba jirgin da safe. Zanzaro ne ya yi gida.

"In tanki bai sha iska ba, mai ba ya sauka," na ce.

Abba ya daɗe yana murza lakar a yatsunsa.

"Ni na rufe jirgin a rumfa har zanzaro ya samu wuri," ya ce a hankali.

Rediyon na ta kiran "Tsuntsuwata! Ki amsa min!"

Abba ya ɗauka.

"Tsuntsuwarka ta sauka lafiya. Ka zo gida, ka taho da babanka... Ga ta, yi mata magana."