Masaukin da Babu Gado

Ranar da ta fara ganinsa yana kan tsani, yana goge faifan sola da tsumma. Ta yi sallama har ta gaji kafin ya waiwayo.

"Kai ne mai ajiye shafukan intanet?"

Ya sauko yana goge hannu a jikin wando. Dogo ne siriri, fuskarsa duk ƙura. Ya dube ta, ya yi sauri ya mayar da idonsa ƙasa.

Ita ce auta a gidansu, kowa Auta yake ce mata. Babanta kafinta ne, ya tsufa a kan kujera da tebur. Ita ta buɗe masa shafi tana sa hotunan kayan, masu saye su gani su kira. Shafi kuwa sai da na'urar da za ta riƙe shi dare da rana, kuma hayar wannan wurin ita ce sana'ar saurayin. Ya rubuta a allon ƙofarsa da Hausa, don kowa ya gane: Masaukin Shafuka. A ƙasa da ƙananan haruffa: Da hasken rana muke aiki, babu hayaƙi.

Ta nuna layin da yatsa. "Wannan gaskiya ne, ko ado?"

"Ke ce ta farko da ta tambaya. Sauran nawa ne kawai suke cewa."

"To ni ma nawa ne?"

Suka yi dariya tare. A ranar shafin kujeru ya samu wurin zama.

Da farko saƙonninsu na aiki ne. Daga baya aikin ya ƙare, saƙon bai ƙare ba.

"Kwastomata, yau hadari ya rufe rana, amma shafinki yana nan daram. Batir ya riƙe. Ni ne dai ban riƙu ba, tun jiya ban ji muryarki ba."

"Mai Rana, ka rage surutu ka je ka ci abinci. Ina sane ba ka karya ba."

Wata rana ta same shi zaune ya yi tagumi. Wani mai kantin takalma ya kwashe shafinsa ya koma babban kamfani, don can ya fi sauƙi. Ya ce masa shi takalmi yake sayarwa, ba iska ba.

"Wataƙila wauta nake yi," in ji shi.

"Wautar ce ta tsayar da ni a ƙofarka," ta ce. Nan ya tambaye ta ko zai iya zuwa gaida Baba. Ta ce ya bari ta share hanya.

Ba ta samu ta share ba. Akwai ɗan abokin Baba, wanda ake kira Injiniya, ma'aikaci a irin waɗancan manyan kamfanoni. Ya daɗe yana son Auta, ita kuwa gaisuwa kawai take ba shi. Ya tare ta a bakin shago ya ce ta kawo shafin wurinsu, su janaretansu ba ya mutuwa.

"Na gode," ta ce. "Ina da masauki a wurin wani, kuma na gamsu."

Injiniya ya san abin da take nufi sarai. Amma da yamma ya durƙusa gaban Baba, ya sunkuyar da kai.

"Baba, da nauyi, amma da bakinta ta faɗa mini. Tana da masauki a wurin yaron nan mai sola. Tun bara."

Bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, bai kuma ce masaukin shafi ne ba.

Baba ya kira ta gaban mahaifiyarta. Bai ɗaga murya ba.

"Kina da masauki a wurin wani yaro?"

"Baba, ai shafin ne..."

"E ko a'a na tambaye ki."

"E, amma..."

Ya miƙe ya fita. Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta. Abincin da ta kai masa shago haka yake dawowa a rufe. Mama ta ce, "Malam, ka saurari yarinyar nan mana." Ya ce ya saurara, ta amsa da bakinta. Ita kanta Mama da ta ji bayanin na'ura sai ta ce, "Auta, ki gaya mini gaskiya, ni uwarki ce." Wannan ya fi komai yi wa Auta ciwo.

Ta rubuta wa saurayin tana kuka. Amsa ta zo nan take.

"Autata, laifina ne, ni na zaɓi kalmar. Kada ki yi masa gardama, mahaifi ne. Ki roƙe shi ya zo ya ga masaukin da idonsa. In ya ce in rabu da ke bayan haka, zan ji zafi, amma ba zan bar ki da wannan tabon ba."

Da safe ta shiga shago. Baba yana goge ƙafar kujera da samfefa. Ta durƙusa cikin garin katako.

"Baba, ban ce ka yarda da ni ba. Ka zo ka ga ɗakin. In ka ga abin da aka gaya maka, na bar maganarsa har abada, kuma duk hukuncin da ka yanke na ɗauka."

Ya ci gaba da guga kamar bai ji ba. Can ya ajiye, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki hula.

"Wuce gaba."

Saurayin ya tare su a ƙofa ya durƙusa. Baba bai dube shi ba.

"Ina ɗakin?"

Ya buɗe. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai sanyi, babu taga. Na'urori baƙaƙe a jere kan kanta, ƙananan fitilu suna ƙyaftawa, fanka tana huci. Batura a ƙasa, wayoyi sun bi bango sun haura rufi. Ko tabarma babu, mutum biyu ma da ƙyar za su tsaya.

"Ina take sauka?"

Saurayin ya nuna na'ura ta biyu daga sama. "A nan, Baba. Kujerunka ne suke sauka, ba ita ba." Ya buɗe wayarsa ya miƙa. Baba ya ga kujerar da ya gama makon jiya, har da ɗan gurbin da ya yi wa hannunta.

Ya daɗe yana kallo.

Ya fita waje, ya ɗaga kai ya dubi faifan da ke kan rufi, ya sa aka karanta masa allon ƙofa duka.

"Masu kawo maka aiki, sun damu da zancen hayaƙin nan?"

Auta ta dubi saurayin. Ta so ya ce e.

"Ba su damu ba, Baba. Yawanci ko karantawa ba sa yi. Wasu ma sun tafi."

"To don me?"

"A bayan wani janareta na tashi. Tagar ɗakinmu a saitin bututunsa take. Har yau mahaifiyata ba ta kwanciya sai an jingina ta. Ba zan ci abinci da abin da zai shiga ƙirjin wani ba."

Sai yanzu Baba ya dube shi sosai.

"Ni ma ba wanda ya taɓa kifa kujerata ya duba ƙarƙashinta, amma ban taɓa barinsa ba guga ba," ya ce. "Ka ce wa babanka ina son ganinsa."

A hanyar gida yana gaba tana baya. Sun kusa kwanar layinsu ya tsaya, bai juyo ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Na tambaye ki, ban bari kin gama ba. Ki yafe mini."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ya faɗa wa kowa haka ba. Ta kama gefen rigarsa kamar tana ƙarama, haka suka shiga gida.

A daren Baba ya tara mutanen gida, ya sa aka kira Injiniya da mahaifinsa, ya faɗi abin da ya gani. Ya ce wa Injiniya, "Kai ka san ma'anar kalmar, ni ban sani ba. Je ka." Abin da ya faɗa masa ke nan.

Bayan damina aka ɗaura aure. Uwar ango ta zo, aka jingina ta da matasai, ta riƙe hannun Auta ta ƙi saki. Da za a tafi da amarya, suka durƙusa gaban Baba su biyu. Ya ɗora hannu a kanta, ɗaya a kan kafaɗar angon.

"Na ba ka ita da mutuncinta cikakke, ni ne shaida. In wani ya kawo maka magana a kanta, ka bari ta gama nata bayanin. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya yi muku albarka."

Jama'a suka ce amin. Mama ta fi kowa ɗaga murya.