Ƙofar Zumuncin Jakara

"To ni ɗan gidan wa zan ce, Bahijja?"

Auwalu ya miƙo mata wayarsa a soron gidansu, yana wani murmushi da ta san na ƙarfin hali ne.

Tambaya ce guda, wadda duk mai son shiga guruf ɗin waya na unguwarsu, Zumuncin Jakara, sai ya amsa: "Ɗan gidan wa ne kai a birni?" A ƙasanta an rubuta an ƙi karɓarsa.

"Wallahi ba ni ba ce, abin ƙaunata! Mu biyu ne admin, ni da Shamsiyya..."

"Na sani mana. Ni dai labarin ruwa da wuta nake son ji kamar kowa. Daga Bichi na zo, a Kurmi na koyi dukanci, a nan nake haya, a nan nake sallah. Amma ba komai, ranki ya daɗe."

Ita kuwa ta riga ta gane aikin Shamsiyya ne. Shamsiyya 'yar kawunta ce, kuma ta daɗe tana yi wa yayanta Aminu kamun ƙafar auren Bahijja wajen Baba.

Ai kuwa kafin magariba hoton ƙin karɓar nan ya isa wayar Alhaji Nata'ala, mahaifin Bahijja.

"Mutumin da unguwa ba ta san shi ba zan ɗauki 'yata in ba?" Abin da ya ce ke nan, ya shige ɗaki.

Ranar Asabar aka tara su a wata makaranta a Mandawari. Wata ƙungiyar matasa ce ta shirya wa admin-admin na sa-kai horo, kan yadda za su riƙe guruf mai mutane iri-iri. Bahijja ta zauna kusa da Shamsiyya, ba mai kallon wata.

Malama Sa'ida mai ba da horon ta tafa hannu.

"Kowa ya miƙe! Zan karanto tambayoyin shiga guruf-guruf ɗinku. Duk wanda ba shi da amsa, ya zauna."

Da ta karanto ta Jakara, sai kujeru suka fara ƙara. Wata malamar asibiti Babarbariya ta zauna. Wani Bafulatani mai kula da guruf ɗin 'yan hatsi ya zauna. Can sai Malama da kanta ta jawo kujera ta zauna, ta harɗe ƙafa.

"Ni ma kun kore ni. Babana daga Haɗeja ya zo."

Ajin ya kwashe da dariya, ban da Bahijja. Ita ta ƙirƙiro tambayar, saboda tun tasowarta haka ta ji ana tambayar baƙo a kowane zaure.

"Malama, 'yan damfara fa muke gudu," in ji Shamsiyya.

"Kin yi gaskiya, 'yata. To ɗan damfara ba ya da gidan uba a birni?"

Aka sake dariya.

"Halin mutum kuke tsoro, to halin za ku tambaya."

Tun a cikin adaidaita, suna hanyar komawa gida, Bahijja ta goge tambayar. Ta sa sabuwar ƙa'ida: mai son shiga ya faɗi waɗanda suka san shi a unguwa, su kuma su shaide shi a cikin guruf.

Shamsiyya ta taɓe baki. "Duk saboda badukun nan?"

"Eh, saboda shi! Da mai shayin bakin layinmu, da matan gidan haya da ba sa jin an yi rasuwa sai an dawo daga maƙabarta."

Shamsiyya ta juya tana kallon titi.

Washegari bayan la'asar Baba yana kan tabarma a tsakar gida, ya buɗe saƙonnin muryar guruf ɗin da ƙarfi kamar yadda ya saba. Bahijja na bakin murhu, kunnenta duk yana wajensa.

Muryar Hajiya Dije tsohuwa ce ta fara fitowa: "Auwalu baduku? Ranar da kwata ta cika ruwa ya shigo min ɗaki, wa ya goyo ni ya fitar? Ku sa shi, 'yan nema!"

Sai liman: "A sahun farko na san shi."

Sai Sule mai shayi: "Na shaide shi, amma don Allah ya ba ni takalmina, tun ƙaramar sallah yake gyara!"

Dariya ta kuɓuce wa Baba, ya yi saurin mayar da ita tari.

Wayar Bahijja ta yi ƙara. Shamsiyya ce: "Ni na karɓe shi da hannuna. Ya Aminu zai haƙura. Amma ni ce babbar ƙawa, ko ki ga tsiya!"

Hawayen daɗi suka zubo mata, ta ce hayaƙi ne.

"Bahijja!"

"Na'am, Baba..."

Ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa.

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ɗaga murya yadda har mahaifiyarta za ta ji daga ɗaki.

"Ki gaya wa yaron nan ya turo magabatansa daga Bichi. Na ba shi."