Kuɗin Liƙi a Goshin Falalu

Akwai wata yarinya a unguwar Old Trafford, a birnin Manchester. Jikata ce. Ita ce ƙarama a gidan, shi ya sa kowa yake ce mata Auta. Tana da kirki, amma bakinta ya fi ƙafarta sauri.

Yayanta Falalu kuwa, ƙafarsa ce mai sauri. Ɗan tsere ne a kwalejinsu.

A shekarun nan gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Council, wato hukumar birni, ta rufe zauren wasannin unguwa. An rage wa babansu ranakun aiki. Ba don tallafin da kwaleji take ba 'yan wasanta ba, da Falalu ya ajiye gudu. Da tallafin yake sayen takalmi, da shi yake hawa bas zuwa fili.

Amma tallafin yana da sharaɗi. Ɗan wasa ba zai karɓi kuɗi daga mutumin waje saboda gudunsa ba, sai kwaleji ta sani. Dalili kuwa, akwai dillalai masu ruɗin yara da kuɗi, su janye su zuwa wani wuri. Wata mata mai suna Malama Margaret ita aka ɗora wa aikin sa ido.

Wata Asabar muka tafi suna a Lozells, can Birmingham. Matar Kawu Halliru, ƙanen mamansu, ita ta haihu. Falalu ya same mu a can daga wajen tsere, da rigar kwaleji a jikinsa, da lambar yabo a wuya. Ya taho da abokinsa Davou, wanda suke gudu tare.

Aka saki kiɗa. Kawu Halliru ya gyara babbar riga, ya shiga fili yana liƙi. Duk wanda ya gilma sai ya manna masa kuɗi a goshi. Auta tana gefe, tana ɗaukar bidiyo da tsohuwar wayar da mamanta ta bar mata.

Ran Litinin a makaranta, wani ɗan ajinsu mai suna Tomas ya tsokane ta.

"Yayanki gudun banza yake yi," in ji shi. "Wa yake biyansa? Nawa yayan ƙwallo yake bugawa, kuma ana ba shi kuɗi."

Abin ya ƙona wa Auta rai. Da ta dawo gida, ta buɗe bidiyon sunan. Ta yanke gaba, ta yanke baya. Ta bar wurin da Kawu Halliru yake manna wa Falalu kuɗi kawai. A ƙasa ta rubuta da Turanci: "Wannan babban mutum ne daga Birmingham. Shi yake biyan yayana." Ta tura wa Tomas.

Tomas ya tura wa yayansa. Yayan ya tura wa abokansa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Bayan 'yan kwanaki Falalu ya shigo gida, ya jefar da jakarsa a bakin ƙofa.

"Lafiya?" in ji Mama.

"An dakatar da ni. Ba zan yi babban tseren kwalejoji a Birmingham ba, sai an gama bincike. In suka ce na yi laifi, tallafin ma ya tafi."

Ya nuna mana bidiyon a wayarsa. Mama ta matso da fuskarta.

"Wannan ai Halliru ne. Ba ka gaya wa Malama Margaret cewa kawunka ne ba?"

"Na gaya mata. Ta ce duk yaron da aka kama, cewa yake kawunsa ne. Ta ce to wa ya rubuta wannan maganar a ƙasa, kuma me ya sa?"

Baba ya cire gilashinsa, ya daɗe yana kallon ɗansa.

"Falalu, kalle ni. Ban da wannan liƙin, akwai wanda ya taɓa miƙa maka wani abu?"

"Haba, Baba. Har kai?"

"Tambaya na yi."

"Babu kowa."

Daga ranar gidan ya canja. Mama ta fara lissafa matan da suka je suna, tana neman wadda take musu hassada. Ta daina ɗaukar wayar ƙawarta ɗaya. Baba yana kallon takalman gudun Falalu kamar yau ya fara ganinsu.

Falalu kuwa ya riga ya yanke hukunci.

"Davou ne," in ji shi. "Yana wajen. In ban yi tseren ba, shi za a sa a gurbina."

Auta tana zaune a kan matakala, tana jin komai.

Washegari da yamma Davou ya zo. Ana yayyafi, ya tsaya a bakin ƙofa ba lema.

"Na ji abin da ya faru," in ji shi. "Ko in je in gaya wa Malama Margaret abin da na gani?"

"Ka riga ka gaya mata abin da kake so," in ji Falalu. "Je ka yi gudunka."

Ya rufe ƙofa. Auta ta leƙa ta taga. Ta ga Davou ya ɗan tsaya, ya goge fuskarsa da hannun riga, sannan ya juya.

A wajen cin abinci na lura da ita. Yarinyar da take cinye nata ta leƙa na wani, yau tana ta juya cokali a cikin shinkafa. Na kira ta ɗakina.

"Auta, cikinki ne yake ciwo, ko bakinki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ni na gan ki da waya ranar suna. Ban ce ke ce ba. Amma in ke ce, yayanki zai rasa gudunsa, ya riga ya rasa abokinsa, ke kuma kina nan kina juya shinkafa."

Sai hawaye.

"Kaka, ni so nake Tomas ya san Yaya babba ne."

"Babba ne tun kafin ki yi ƙarya. Tashi mu je falo."

A gaban kowa ta faɗi abin da ta yi. Ba ta rage komai ba. Mama ta riƙe baki. Baba ya dubi Falalu, ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana." Falalu bai yi wa Auta tsawa ba. Tashi ya yi ya fita, da wayarsa a hannu. Muna jinsa a waje yana cewa, "Davou, don Allah kar ka kashe. Saurare ni."

Da safe Baba ya kai Auta da Falalu ofishin Malama Margaret. Auta ce ta ba ni labarin yadda aka yi.

Malamar ta saurare ta har ƙarshe, ba ta yi murmushi ba.

"Ta yaya zan san ba yayanki ne ya sa ki faɗi haka ba?" in ji ta.

"Ina da bidiyon gaba ɗaya. Ban goge ba."

Malama Margaret ta karɓi wayar. Ta ga Kawu Halliru yana liƙa wa mai jego. Ta ga ya liƙa wa mai kiɗa, ya liƙa wa Davou. Ta ga ya liƙa mini, ni da ko bas ba na iya bi da gudu. Can ƙarshe hoton ya karkace, sai ga fuskar Auta, da takardar fam biyar manne a goshinta.

Malamar ta sake kallo daga farko. Sannan ta ɗago.

"Ke kuma wane wasa kike yi, da ake biyanki?"

"Ba na yin kowanne," in ji Auta a hankali. "Al'adarmu ce. In ana murna, kowa ana liƙa masa."

Sai a lokacin Malama Margaret ta yi dariya. Amma ta juya ga Falalu.

"Zan kira kawun naka in ji daga bakinsa. In maganar ɗaya ce, za ka yi tserenka. Nan gaba, in an ba ka wani abu kana sanye da rigar kwaleji, ka zo ka gaya mini da kanka. Aikina in kare ku ne daga masu sayen yara."

Ga Auta kuma ta ce, "Ke ma akwai sauran aiki a gabanki."

Auta ta gane. A makaranta ta nemi Tomas, ta nuna masa cikakken bidiyon.

"Ƙarya na yi maka. Ba wanda yake biyan yayana. Kawunmu ne."

Tomas ya sosa ƙeya. "Ni ma yayana ba a biyansa," in ji shi. "Lemo ake ba su bayan wasa."

Ranar tsere muka cika motar Baba zuwa Birmingham. Davou ne ya riƙe wa Falalu jaka. Falalu ya zo na biyu, aka rataya masa lamba. Kawu Halliru ya taso da murna, ya sa hannu a aljihun babbar riga. Auta ta yi wuf ta riƙe hannun.

"Kawu, bari mu fara gaya wa Malama Margaret."

Kowa ya yi dariya, har ita Malamar da take tsaye kusa.

To, yarana, kun dai ji. Rabin gaskiya ƙarya ce. Kada ku yi ƙarya don ku burge wani, ko da don wanda kuke so ne. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kafin a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.